Fara, Tarwaɗa Da Alade: Yadda Dokar Abinci Ta Kusa Raba Kan Kiristocin Farko



Yau bari mu fara da ɗan gwaji. A ce an jera muku kwanuka huɗu. Na farko soyayyiyar fara ce da yaji irin ta Maiduguri, na biyu farfesun tarwaɗa, na uku naman raƙumi, na huɗu kuma gasasshen zomo. Sai a ce ku nuna wanda dokar Annabi Musa, kamar yadda take a rubuce cikin Littafi Mai Tsarki, ta yarda a ci. To, fara ce kaɗai ta tsallake. Tarwaɗa ta faɗi, raƙumi ya faɗi, zomo ma ya faɗi.

Na fara da wannan ne saboda a wajenmu da zarar an taɓo maganar nan, alade kawai ake tunawa. Matashi Musulmi zai tambayi abokinsa Kirista: tunda littafinku ya hana alade, me ya sa ake ci? Shi kuma abokin sau da yawa sai ya ce ai wannan Tsohon Alkawari ne, a wuce wurin. Tambayar tana kan hanya, amsar ma ba ƙarya ba ce, amma tsakanin su biyun akwai tarihi na sama da shekara dubu biyu, kuma an zubar da jini a cikinsa. Abin da nake so mu gani yau shi ne, rigimar ba ta tsaya a kan dabba ba. Rigima ce a kan wa zai sa hannu a kwano ɗaya da wa.

Dokar tana wuri biyu: Littafin Firistoci sura ta 11, da Maimaitawar Shari'a sura ta 14. Dabbar tudu sai ta cika sharaɗi biyu kafin a ci ta: kofatonta ya zama a rabe biyu, kuma tana tuƙa. Saniya, tunkiya, akuya, barewa da danginsu sun shiga. Sai aka kama sunan dabbobi huɗu da suka cika sharaɗi ɗaya suka rasa ɗaya. Raƙumi, rema da zomo an lissafa su cikin masu tuƙa marasa rababben kofato. Alade kuma kofatonsa a rabe yake amma ba ya tuƙa. Duk mai tafiya a kan dagi, irin kare da kyanwa, ba ya ciki. A ruwa kuma sai mai ƙege da ɓamɓaroki, wato ɓawon nan da ake kankarewa a jikin karfasa. Tarwaɗa jikinta sulɓi ne, shi ya sa ta faɗi. Tsuntsaye ba a ba da sharaɗi ba, sunaye kawai aka jero, kusan ashirin: gaggafa, ungulu, shirwa, hankaka, jimina, mujiya, alhudahuda, har da jemage aka sa a layin. Ƙwari masu fukafukai duk an hana, in ban da dangin fara masu ƙafar tsalle. Shi ya sa Linjila ta nuna Yahaya Mai Baftisma yana rayuwa a jeji da fara da zuma, ba tare da ya karya wata doka ba.

Ku lura da abu ɗaya. Cewa dabba ba ta da tsarki ba ya nufin an tsane ta. Isra'ilawa sun hau jaki, sun yi fatauci da raƙumi. Cin namanta ne aka hana, wanda kuma ya taɓa mushenta zai zauna da ƙazanta har zuwa yamma.

To me ya sa waɗannan dabbobi? Amsar da kowa ya fi saurin kawowa ita ce lafiya. Babban malamin Yahudawa kuma likita, Musa ibn Maimun, wanda aka haifa a Kurɗuba ya rasu a Masar a 1204, ya kawo wannan dalili, ya ce alade ƙazami ne a rayuwarsa da cimarsa. Wannan ra'ayi ya ƙara ƙarfi bayan 1835, lokacin da wani ɗalibin likitanci a Landan, James Paget, ya gano wata 'yar tsutsa a tsokar gawar mutum, daga baya aka tabbatar ana ɗaukarta daga naman aladen da bai dahu ba. Amma tun da daɗewa kafin haka wani malamin Yahudawan, Ishaƙu Abarbanel, ya ƙi wannan bayani. Hujjarsa ita ce, in don lafiya ne, to an mayar da Attaura ƙaramin littafin likitanci, kuma ga al'ummai can suna cin alade suna rayuwa garau. Ni ma a ganina bayanin lafiya bai isa ba. Wace cuta ce a jikin raƙumi da babu a jikin saniya? Kuma akwai ganyaye masu kisa da dokar ba ta ce uffan a kansu ba.

A 1966 wata masaniyar al'adu 'yar Ingila, Mary Douglas, ta zo da wani tunani: dabbobin da aka hana su ne waɗanda ba su zauna daidai a rukuninsu ba, kamar abin da ke cikin ruwa amma ba shi da siffar cikakken kifi. Wani Ba'amurke, Marvin Harris, ya ce maganar tattalin arziki ce: alade yana son inuwa da ruwa, ba ya ba da nono, ba ya jan garma, ba a kora shi kiwo mai nisa, kuma yana cin abin da mutum zai ci. A ƙasa mai ƙarancin ruwa, asara ne.

Shi kansa littafin dalilin da ya bayar daban ne. A ƙarshen sura ta 11 ya ɗaure dokar da tsarkin Allah, a sura ta 20 kuma ya haɗa abu biyu kai tsaye: yadda aka ware Isra'ila daga sauran al'ummai, haka su ma za su ware dabba mai tsarki daga marar tsarki. Ka ga ke nan kowane cin abinci tunatarwa ce cewa kai ba kamar maƙwabcinka kake ba. Ku riƙe wannan, don a kansa duk abin da zai biyo baya ya rataya.

Masu haƙar kayan tarihi sun ƙara mana wani abu. A ƙauyukan tuddan ƙasar Kan'ana na tsakanin shekara ta 1200 da 1000 kafin haihuwar Almasihu, da ƙyar ake samun ƙashin alade, alhali a biranen Filistiyawa irin su Ashkelon da Ekron yana da yawa. Sai dai labarin bai miƙe sak ba. A wasu biranen masarautar Isra'ila ta arewa an samu ƙasusuwan alade na ƙarni na 8 kafin Almasihu. A 2021 kuma masu bincike biyu, Yonatan Adler da Omri Lernau, sun wallafa nazarin ƙayoyin kifi da aka tono, suka nuna an ci tarwaɗa a cikin Urushalima kanta a zamanin sarakunan Yahuza. Wato doka a rubuce daban, abin da ke cikin tukunyar talaka daban.

Lokacin da abin ya zama na a-mutu-ko-a-yi-rai shi ne shekara ta 167 kafin Almasihu. Sarki Antiyokus na huɗu, daga gidan sarautar Girkawa da ke mulkin Sham, ya hana kaciya da kiyaye Asabar, ya sa a riƙa yanka aladu a matsayin hadaya. Littafin Makabiyawa na biyu, wanda ke cikin Littafi Mai Tsarki na Katolika da Otodoks amma ba ya cikin na yawancin Furotestan, ya ba da labarin wani tsohon malami, Eliyazar, ɗan shekara 90. An buɗe bakinsa da ƙarfi an tura masa naman alade, ya tofar. Masu kula da wurin, da yake sun daɗe da saninsa, suka ja shi gefe suka ba shi shawara: ya kawo nasa naman na halal, ya ci a bainar jama'a kamar na aladen ne, ya tsira. Tsohon ya ƙi. Dalilinsa shi ne samari za su ɗauka ya bar addininsa a wannan shekaru, su bi sahu. Aka kashe shi da duka. Sura ta gaba ta kawo uwa da 'ya'yanta bakwai da aka kashe ɗaya bayan ɗaya a kan wannan naman.

Daga nan ƙin cin alade ya zama tambarin Bayahude a idon duniya. Wajen shekara ta 40 miladiyya, lokacin da Filo na Iskandariyya ya jagoranci tawaga zuwa gaban sarkin Rum Kaligula don kai kukan kisan da ake yi wa Yahudawan birninsu, sarkin yana zagaya gine-ginensa, sai ya juyo ya tambaye su dalilin da ba sa cin alade, fadawa suka fashe da dariya. A cikin wannan duniya aka haifi Kiristanci, kuma mabiyansa na farko duk Yahudawa ne da suka tashi da labarin Eliyazar a kunnensu.

Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, babu inda Linjila ta nuna ya ci alade. Wurin da ake kafa hujja da shi yana cikin Markus sura ta 7. Farisiyawa sun yi ƙorafi cewa almajiransa suna cin abinci ba tare da wanke hannu irin na al'ada ba. Ya amsa musu cewa abin da ke shiga ciki ba shi ke ƙazantar da mutum ba, sai abin da ke fitowa daga zuciya. A ƙarshen aya ta 19 akwai wani ɗan guntun zance game da tsarkake dukkan abinci, kuma ma'anarsa ta rataya a kan wasali ɗaya na Girkanci. Bahaushe zai gane wannan da sauri, don mun san bambancin garin da ake zama a ciki da garin da ake tuwo da shi, jan wasali ne kawai. In an karanta kalmar da "o" mai tsawo, to marubucin ne ke sharhi cewa da wannan magana Yesu ya tsarkake duk abinci. In da gajeren "o" ne, zancen ya koma kan yadda ciki ke fitar da abin da aka ci. Tsofaffin kwafi sun zo da mai tsawon, fassarar Turanci ta 1611 ta bi gajeren, yawancin fassarorin zamani sun koma wa mai tsawon. Matiyu kuma da ya kawo labarin a sura ta 15 bai sa wannan guntun ba, ya rufe da maganar wanke hannu.

Akwai tambayar da ke da nauyi a nan. In har Yesu ya soke dokar a fili, me ya sa shekaru bayan haka Bitrus, babban almajirinsa, yake cewa bai taɓa cin abu marar tsarki ba?

Wannan yana cikin Ayyukan Manzanni sura ta 10. Bitrus ya sauka a Yafa, a gidan wani majemi a bakin teku. Da tsakar rana ya hau soro yin addu'a, ga yunwa, ana kan dafa abinci. Sai ya ga wahayi: wani abu kamar babban mayafi ana sauko da shi, cike da dabbobi da masu jan ciki da tsuntsaye, murya ta ce ya yanka ya ci. Ya ƙi. Aka gargaɗe shi kada ya ƙazantar da abin da Allah ya tsarkake. Sau uku ana haka. Yana cikin tunanin ma'anar abin sai ga manzanni daga Kaisariya, daga wurin Karniliyus, hafsan sojan Rum mai kula da sojoji ɗari. Bitrus ya bi su, ya shiga gidan, kuma fassarar da shi da kansa ya ba wahayin ita ce kada ya kira wani mutum marar tsarki. Mutum fa, ba dabba ba. Da ya koma Urushalima, tuhumar da 'yan'uwansa suka yi masa ita ce ya shiga gidan marasa kaciya har ya ci abinci tare da su.

Don ku gane girman abin, ku tuna Kiristocin farko ba su da ginin coci. A gidaje suke taruwa, kuma tsakiyar ibadarsu cin abinci ne tare. In Bayahude mai bi ba zai iya zama a tabarma ɗaya da Bagirke mai bi ba, to ikilisiya biyu ke nan, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Abin ya fashe a Antakiya, wadda ke cikin Turkiyya a yau, garin da aka fara kiran su Kiristoci. Bulus ya ba da labarin a wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa. Bitrus yana cin abinci da waɗanda ba Yahudawa ba lafiya lau, sai wasu baƙi suka zo daga wurin Yakubu, shugaban masu bi na Urushalima. Nan take Bitrus ya janye, sauran Yahudawa suka bi shi, har Barnaba abokin tafiyar Bulus. Bulus ya tsaya a gaban jama'a ya ƙalubalanci Bitrus ido da ido, ya kira abin munafunci. Abin lura, bai ce Bitrus ya amsa laifi ba, shi ya sa masana tarihi da dama ke ganin ranar ba Bulus ne ya yi nasara ba.

Mu yi wa mutanen Yakubu adalci. Ba mugunta ce ta motsa su ba. Kakanninsu sun mutu a kan wannan doka, kuma suna zaune a Urushalima inda za a iya ɗaukar su a matsayin maciya amanar al'umma.

Wajen shekara ta 49 aka yi taro a Urushalima, kamar yadda sura ta 15 ta Ayyukan Manzanni ta kawo. Tambayar ita ce: wanda ba Bayahude ba, sai ya yi kaciya ya ɗauki dokar Musa kafin ya zama mai bi? Aka yanke cewa a'a. Abu huɗu kawai aka ce su kiyaye: abin da aka miƙa wa gumaka, jini, naman dabbar da aka maƙure, da fasikanci. Babu alade a ciki, babu raƙumi, babu tarwaɗa. Masana da yawa suna ganin an ɗauko huɗun ne daga surori na 17 da 18 na Littafin Firistoci, inda aka jero dokokin da suka hau har kan baƙon da ke zaune cikin Isra'ila. Mai sauraro Musulmi zai ji jerin nan kamar ya san shi, don Alƙur'ani a surorin Baƙara, Ma'ida, An'am da Nahl ya haramta mushe, jini, naman alade, da abin da aka yanka da sunan wanin Allah. Naman alade ne babban bambancin jerin biyu.

Tsugune ba ta ƙare ba. A Koranti, naman kasuwa da yawa daga haikalin gumaka yake fitowa. Bulus ya ce su saya su ci ba tare da bin diddigi ba, amma in wani ya ce musu wannan na hadaya ne, su bari saboda shi. Ga mutanen Roma kuma ya ce mai ci kada ya raina wanda ba ya ci, wanda ba ya ci kada ya hukunta mai ci. Littafin Ru'ya ta Yohanna kuwa ya yi kaushi a kan masu cin abin gumaka. Amma duk cikin Sabon Alkawari babu inda aka umarci Bayahude mai bi ya fara cin alade. Abin da aka ce shi ne ba a ɗora wa sauran al'ummai wannan kaya ba. Wannan bambanci zai dawo mana nan gaba.

Bayan Rumawa sun rushe Haikali a shekara ta 70, sannan suka murƙushe tawayen ƙarshe a 135, nauyin Kiristanci ya koma hannun waɗanda ba Yahudawa ba. Wajen shekara ta 160, Jastin Shahidi yana cewa Bayahuden da ya bi Almasihu yana iya ci gaba da kiyaye dokar, muddin bai tilasta wa wasu ba, amma ya yarda akwai Kiristocin da ba sa ko hulɗa da irin waɗannan. Cikin shekara ɗari da 'yan kai, masu gida sun zama baƙi.

To surorin nan fa, ya za a yi da su, tunda suna nan cikin littafin? Sai aka koma fassara ta misali. Wata tsohuwar takarda da ake kira Wasiƙar Barnaba, wadda ba ta shiga cikin Sabon Alkawari ba, ta ce Musa bai taɓa nufin nama ba. Alade a wurinta shi ne mutumin da in ya ƙoshi ya manta Ubangijinsa, in yunwa ta kama shi ya fara kuka. Shirwa da hankaka su ne masu zaman jiran abin wani su fauce. Har kura marubucin ya sako, wadda ba a ambaci sunanta a dokar ba, bisa camfin zamaninsu cewa tana sauya jinsi duk shekara. Manyan malaman ikilisiya ba su tafi da nisa haka ba. Matsayin da ya zauna shi ne dokar gaskiya ce a lokacinta, kuma alama ce ta abin da ke zuwa. A ƙarni na 13 Tomas Akwinas ya tsara shi: dokokin Musa kashi uku ne, na ɗabi'a, na ibada, da na shari'ar ƙasa. Na ɗabi'a suna nan, na ibada, har da na abinci, sun cika aikinsu da zuwan Almasihu. Cocin Angilikan ta sa irin wannan rabo a cikin ƙa'idojinta 39 na 1571, kuma shi ne amsar da yawancin fastoci za su ba ka yau.

Jini ne ya daɗe. A shekara ta 177, lokacin da ake azabtar da Kiristoci a Liyon ta Faransa bisa zargin cin naman jarirai, wata mata mai suna Biblis ta kare su da cewa mutanen da ko jinin dabba ba sa ci, ta yaya za su ci yara. Tartuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya rubuta a 197 cewa ana gwada Kirista ta hanyar miƙa masa hanjin da aka ɗura wa jini. Amma wajen shekara ta 400, Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya ce 'yan tsirarun da har lokacin ke tsoron cin tsuntsu ko zomon da ba a zubar da jininsa ba, dariya ake musu. Gabas ta riƙe: taron bishop-bishop na 692 a Kustantiniyya ya sake hana cin jini. Yamma ta saki, kuma a 1442 taron Fulorans ya bayyana cewa hanin manzanni na wancan lokaci ne, sa'ad da ake ƙoƙarin haɗa Yahudawa da sauran al'ummai wuri ɗaya. Wannan bai hana ikilisiya ƙirƙiro nata hane-hanen ba. Wajen 732 Fafaroma Giregori na uku ya hana sababbin Kiristocin Jamus cin doki.

Sai kuma reshe ya juye da mujiya. A shekara ta 654, a Toledo ta Sifen, an sa Yahudawan da aka yi wa baftisma sa hannu a takardar alkawari, ciki har da cewa in ba za su iya cin naman alade ba saboda ƙyama, to za su ci abincin da aka dafa da shi. Bayan kafa kotun binciken aƙida ta Sifen a 1478, da korar Yahudawa a 1492, da tilasta wa Musulmin Andalus shiga Kiristanci, tukunya ta zama shaida a gaban alƙali. Maƙwabta da barori suna kai rahoto: wance tana girki da man zaitun maimakon kitsen alade, wane yana jiƙa nama ya cire jini. Mutane sun rasa dukiya, wasu sun rasa rai. Tsakanin 1609 da 1614 aka kori mafi yawan zuriyar Musulmin. Gwajin da Antiyokus ya yi wa Eliyazar ke nan, a hannun ikilisiyar da ke tunawa da shahidan Makabiyawa a ranar 1 ga Agusta kowace shekara. A ganina babu wata aya ta Bulus da za ta ɗauki wannan. An ɗauki izini an mayar da shi dole.

Ba duk Kiristoci ne suka bi hanyar Turai ba. Habasha ta karɓi Kiristanci tun ƙarni na 4, kuma har gobe mabiya cocin Otodoks na can ba sa cin alade. Da 'yan Fotugal suka zo a ƙarni na 16 suka zarge su da Yahudanci, Sarki Galawdewos ya rubuta bayanin bangaskiyarsa a 1555. Ya ce ba don dokar Musa suke ƙin alade ba irin yadda Yahudawa ke yi, ba sa ƙyamar wanda ya ci, ba sa tilasta wa wanda ya ƙi, ya kuma jingina da maganar Bulus ga Romawa.

A Amurka kuma, cocin Adbentis masu kiyaye Asabar, wadda aka kafa a 1863, ta dawo da rabon nan na dabbobi a matsayin koyarwa. Hujjojinsu ba na wasa ba ne. Suna cewa tun a labarin Nuhu aka bambanta, masu tsarki bakwai-bakwai marasa tsarki biyu-biyu, tun kafin a haifi Musa, don haka ba dokar Yahudawa kaɗai ba ce. Wahayin Bitrus a kan mutane yake, Markus 7 kuma a kan wanke hannu. Masu ja da su suna amsawa da sura ta 9 ta Farawa, inda aka ba Nuhu duk mai motsi ya ci in ban da jini, da kuma wasiƙun Kolosiyawa da Timoti. Adbentis sun iso Najeriya a 1914 ta hannun David Babcock, wanda jami'ar Babcock ke ɗauke da sunansa, a Arewa kuma an san su da asibitinsu na Jengre a Filato. Cocin Selestiyal ma ta hana alade. Shaidun Jehobah kuwa hanin jini na taron Urushalima suka riƙe, tun 1945 suka faɗaɗa shi zuwa ƙarin jini a asibiti, abin da har yau ke kai iyalai da likitoci gaban kotu.

A nan gida za ka ga kusan duk matsayan nan a jiha ɗaya. A Katsit kusa da Kafanchan akwai ɗaya daga cikin manyan kasuwannin aladu na ƙasar nan, ana lodi zuwa Kudu. A wannan jihar ta Kaduna kuma za ka samu Bahaushe Kirista da bai taɓa sa alade a baki ba, in ka tambaye shi ya ce ba zunubi ba ne, shi dai bai tashi da shi ba, ransa bai karɓa ba. Yana cin tarwaɗa kuwa hankali kwance.

Akwai kuma wata al'ada da da yawanku kuka taso kuka gani. Kirsimeti ta zo, an sayi akuya ko kaji, sai maigida ya aika a kira maƙwabcinsa Musulmi ya zo ya yanka. Addininsa bai ce sai haka ba, yana yi ne don in an dafa shinkafa yara su kai gida-gida a karɓa a ci, Babbar Sallah kuma kwanukan su dawo da naman layya. Bayan rikicin Kafanchan na 1987, da na Kaduna na 2000, da na Jos na 2001, unguwanni da dama sun rabu, kowa ya koma cikin nasa. A irin waɗannan wurare akwai yaran da suka girma ba su taɓa ɗaukar kwanon nan sun ƙetara titi da shi ba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.